Yadda Ake Sayen Gida Ba a Haɗa da Shari'a Ba

Cinikin gida a garuruwan Arewacin Nijeriya kashi biyu ne. Akwai kashin da ido ke gani, wato ɗakuna da tsakar gida da rijiya da fentin da aka shafa shekaranjiya don tarbar masu saye. Akwai kuma kashin da ke kwance cikin fayil a ma'aikatar ƙasa, kuma shi ne ke nuna ko mai saye zai aurar da 'ya'yansa a gidan ko kuwa zai tsufa a bencin kotu. Mai saye yakan ba kashin farko wata guda cur. Ya kawo uwargida ta leƙa kicin, ya kawo magini ya ƙwanƙwasa bango, ya dawo bayan ruwan sama ya ga inda ruwa ke kwanciya. Kashi na biyu kuwa minti goma yake samu, a tsaye, a gindin darbejiya, dillali na miƙo biro. Aikin lauya a wannan kashin yake.

Kafin a je ga lauya, ya kamata a san abin da ake saye. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. A Arewa abin bai zo da mamaki ba, domin Dokar Ƙasa ta 1962 ta riga ta shimfiɗa irin wannan tsari. Abin da mutum ke da shi a kan fili shi ne izinin zama da amfani, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne. A birni gwamna ke ba da shi, a karkara ƙaramar hukuma, a Abuja kuma Ministan Babban Birnin Tarayya. Saboda haka magidancin da ya buga ƙirji ya ce ƙasar nan tasa ce har tashin alƙiyama, yana da gaskiya a kan bulo da kwano, amma a kan turɓaya akwai mai gida a sama da shi.

Lokacin neman lauya shi ne kafin a ba da kafin alƙalami. Yawancin mutane sai kuɗi sun fita, an yi addu'a, an raba goro, sannan su tuna da lauya, su kai masa takarda su ce ya ɗan gyara Turancin. A lokacin an riga an yi cinikin biri a sama, abin da ya rage wa lauya shi ne ya taya ɗaga kai. Dillali kullum yana da wani Alhaji da ke kan hanya da kuɗi a but, wanda zai iso bayan la'asar. Wannan Alhajin ya shekara da shekaru yana kan hanya, kuma gidan da ba zai jira binciken mako biyu ba, a bar masa shi.

Sharaɗin farko a zaɓen lauya shi ne ya zama na mai saye shi kaɗai. Mai sayarwa yakan ce akwai lauyansa, ba sai an ɓata kuɗi sau biyu ba. Dillali ma yana da nasa, yaron kirki mai sauri. Dukansu suna iya zama mutanen arziki, amma lauyan mai sayarwa aikinsa shi ne gida ya fita, dillali kuma la'adarsa ba ta faɗowa sai ciniki ya faɗa. A cikin taron nan mutum ɗaya ake bukata wanda za a biya shi ko da ya ce a fasa.

Sai a tabbatar lauyan lauya ne. Baƙar kwat da farar riga ana sayar da su a Sabon Gari, kuma ba a tambayar takardar shaida kafin a auna wa mutum. Lauyan gaske ya yi Makarantar Horar da Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko wani reshenta, sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli da lambarsa, kuma yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya da yake mannawa a takardun da ya rubuta. Doka ta keɓe wa lauyoyi rubuta takardar cinikin fili ko gida don a biya su. Mai kwamfutar da ke bakin kotu yana da tsohuwar yarjejeniya a ajiye, sunaye kawai yake canjawa, kuma ranar da hankalinsa ya tafi kan abincin rana, sai mai sayen gida a Hotoro ya tashi da takardar da ke kwatanta gona a Dawakin Kudu. Amfanin lauya mai lamba shi ne yana da abin da zai rasa, domin akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke iya soke sunansa idan ya ci amana.

A Ingila aikin lauyoyi a rabe yake, akwai masu tsayawa gaban alƙali, akwai masu zama a ofis da takardu. A Nijeriya duk lauya yana da izinin yin duka biyun, amma izini daban, gwaninta daban. Gwanin belin masu laifi ba lallai ne ya san ƙofar ɗakin fayil ba. Ana son wanda harkar ƙasa ce abincinsa, kuma ɗan gari, saboda ƙasa al'amarin jiha ne. Kano tana da hukumar filayenta KANGIS, Kaduna tana da KADGIS, Abuja tana da AGIS, kowace da fom ɗinta da kuɗinta da halinta. Lauyan gari ya san tagar da ake miƙa takarda, ya san unguwar da aka yanka da awon gwamnati da wadda aka yanka da awon igiya, ya san layin da hukumar tsara birni ta taɓa shafa wa jan fenti. Babban lauya daga Legas zai zo da jaka mai kyau, ya ƙare da tambayar masinja hanya.

Akwai kuma ɗan 'yar uwa da aka rantsar bara. Shi ba a biyansa, sai dai a sa masa albarka, kuma nan matsalar take. Aikin alfarma ba a yi masa gaggawa, idan ya yi kuskure ba a iya kai ƙararsa sai an ɓata da uwarsa, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce wa kawunsa gidan nan da matsala ba. Idan dole shi za a ba, a biya shi kamar baƙo, a kuma ba shi izinin faɗin gaskiya.

Batun kuɗin aiki a gama shi tun a zaman farko, a rubuce. Ƙa'idar kuɗin aikin lauyoyi ta 2023 ta sa mafi ƙarancin kuɗin lauyan mai saye kashi 10 cikin 100 idan kadarar ba ta kai naira miliyan 50 ba, kason kuma yana raguwa idan farashi ya haura. A nan ne mai saye kan dafe ƙirji, alhali jiya ya ƙirga wa dillali da 'yan kayi-na-yi huɗu la'ada bai ce uffan ba. A tambayi lauya ya rarrabe abin da ke nasa da abin da ke na gwamnati, wato kuɗin bincike, kuɗin amincewar gwamna, harajin hatimi da kuɗin rajista, kowanne da rasit. Lauyan kirki ana gane shi da yawan tambaya. Wanda ya kalli hoton takarda a waya ya ce komai lafiya lau, a gode masa, a nemi wani.

Binciken da zai yi yana farawa daga ma'aikatar ƙasa. Zai duba ko lambar fayil ɗin gaskiya ce, ko sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati ta soke izinin, ko akwai bashin harajin ƙasa na shekaru. Daga nan sai safiyo ya je da taswira ya nemo duwatsun iyaka, domin takarda tana iya zama ta gaskiya amma ta filin da ke layin baya ce. Sai kotuna, a ga ko ana shari'a a kan gidan. Sai hukumar tsara birni, a ga ko an ba da izinin gini, ko kuwa falon yana zaune a kan titin da ba a zo yi ba tukuna. Daga ƙarshe sai unguwa. Mai unguwa, limamin masallacin layin da mai shayin kwana sun san tarihin da ba ya cikin kowane fayil. Idan an ga rubutu a bango cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, wani ne ya sayi fenti da kuɗinsa don ya yi gargaɗi, kuma ya cancanci a neme shi a ji ta bakinsa.

Tambayar da aka fi yi wa lauya ita ce ko satifiket ɗin mallaka, wanda kowa ke kira Si-of-O, ya wadatar. Babbar hujja ce, amma ba ta wanke asali mara kyau. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa satifiket ba ya ba mutum haƙƙin da dama ba shi da shi, idan akwai wanda ya riga shi da hujja mafi ƙarfi. Shi ya sa lauya ke bin salsala, wa ya sayar wa wa, har a kai ga tushe. Mai sayarwar da ya ce ainihin takardar ta ɓata a gobara, sai ya kawo rantsuwar kotu, rahoton 'yan sanda, sanarwar jarida da kwafin da ma'aikata ta tabbatar. Sau da yawa gobarar a cikin ma'ajiyar banki take, takardar kuma tana nan lafiya ƙalau tana tsaron bashi.

Takardar mai unguwa kuwa, mai shaidu uku da dangwalen yatsa, ita ce abin da dubban gidaje a tsofaffin unguwanni ke da shi, kuma bai kamata a raina ta ba. Tana shaida cewa an yi ciniki an biya kuɗi a gaban mutane. Sai dai banki ba ya karɓarta, kuma ba ta hana a sayar wa mutum biyu fili ɗaya, musamman a wuraren awon igiya inda igiyar kan miƙe da rani ta ƙanƙance da damina. Wanda ya sayi irin wannan gida ya sa kuɗin neman satifiket cikin lissafinsa tun farko.

Gidan gado shi ne inda ya fi kamata a zauna a natsu. Babban wa yakan zo shi kaɗai da makulli, ya ce duk ƙannensa sun amince. Amincewar baki ba ta isa ba. Lauya zai nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, ya ƙirga magada ɗaya bayan ɗaya, har da matar mamaci mai tumunin takaba, da 'yar da ke aure a Damagaram, da ɗan da ya tafi Saudiyya aka daina jin ɗuriyarsa. Wannan na ƙarshen ba ya dawowa sai mako guda bayan an gama sa tayil. Kason maraya ƙarami ba ya sayuwa sai ta hannun waliyyinsa bisa ƙa'ida, kuma sahalewar kotu ita ce kwanciyar hankalin mai saye. A mazhabar Malikiyya kuma akwai shuf'a: idan gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon mayar wa baren kuɗinsa ya karɓi kason. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya, duk da yakan yi magana kamar yana da shi.

Sai amincewar gwamna, wadda mutane da yawa ke tsallakewa saboda tsada da jinkiri. Sashe na 22 na dokar 1978 ya hana mai izinin zama ya sayar ko ya jinginar ba da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, banki guda da lauyoyinsa ya rasa jinginarsa a kan wannan batu, balle malamin makarantar da ya tara kuɗinsa da adashi. Wasu kan kauce ta hanyar karɓar takardar wakilci, wadda ake kira fawa of atoni, abin da ya yi yawa a Abuja. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa wannan takarda wakilci take bayarwa, ba ta miƙa mallaka. Mai riƙe da ita ya biya kuɗin gida ya zama ɗan aiken wanda ya sayar masa. Hanyar da ta dace ita ce yarjejeniyar miƙa mallaka, a nemi amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi rajista. Idan mutum biyu suka fito da takarda a kan gida ɗaya, wanda ya riga yin rajista yakan sha gaba.

Biyan kuɗi ta banki ake yi, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, ba na dillali ko na surukinsa ba. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, don haka buhun kuɗi a but laifi ne ban da haɗari. A riƙe kaso mai kauri har sai an miƙa ainihin takardu da makullai. Idan akwai 'yan haya, a rubuta wanda zai sallame su da ranar da za su tashi, domin a yawancin jihohi ɗan hayar shekara yana da notis na wata shida, kuma ya fi kowa sanin haka. Bashin wuta da na ruwa ma a duba su, don sau da yawa a aikace ba sa bin tsohon mai gida zuwa sabuwar unguwarsa, a jikin mita suke zama su jira wanda ya tare.

Bayan an gama, a shiga gidan ko a sa mai gadi, fili kuma a kewaye shi, a je a gaida mai unguwa ya san fuskar sabon mai shi. Harajin ƙasa ana biyansa duk shekara, a adana rasit. Ainihin takardun a yi musu kwafi, a ajiye ɗaya wurin lauya, a ɗauki hotonsu a waya, a kuma sanar da iyali inda suke. Ƙarƙashin katifa da saman silin wuraren gara ne da ɓera da yoyon damina, don haka a nemi akwatin ƙarfe mai makulli ko ma'ajiyar banki.