Yaƙin Duniya a Kududdufi

A garin Scarborough da ke gaɓar tekun Ingila akwai wani lambun shaƙatawa mai suna Peasholm, a tsakiyarsa kuma akwai tafki. Tun shekarar 1927 ake gwabza yaƙin ruwa a tafkin nan idan lokacin zafi ya kama. Jiragen yaƙi ne sosai, da igwa da hayaƙi da tuta, sai dai tsawon kowanne bai wuce kimanin mita 6 ba. A cikin wasunsu kuma akwai ƙato guda, magidanci, ya naɗe ƙafafu yana tuƙi. Jama'a su sayi tikiti su zauna, a yi ta luguden wuta na kusan rabin sa'a, abokan gaba su sha kashi kamar yadda suka sha shekaranjiya, kuma kamar yadda za su sha jibi, a tafa, a watse. Ma'aikatan hukumar garin ne suka saba shiga jiragen. Wato akwai bawan Allahn da yake komawa gida da yamma, uwargida ta ce masa ya aiki, ya ce alhamdu lillahi, yau ma an ci mu da yaƙi.

Su waɗannan ma masu sa'a ne, biyansu ake yi. Akwai dubban 'yan'uwansu a Ingila da Jamus da Amurka da Japan waɗanda su ne suke biya, galibi da kuɗin fansho. Aikinsu shi ne haɗa ƙananan jiragen ruwan yaƙi, kwaikwayon na gaske, komai da komai amma a ƙanƙance. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da jirginsa na farko na roba a 1952, na Tamiya da ke Shizuoka a Japan ya biyo da nasa, yau kuma har Sinawa sun shigo kasuwar da ƙarfinsu. Mutum ya sayo kwali, ya buɗe, ya tarar da gutsattsarin roba ɗari-ɗari, wani kwalin ma sama da dubu, da takardar bayani. Sai ya nemo gam da fenti da hantsaki da tabarau mai ƙara girma, ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Daga ranar nan iyalinsa sai dai su riƙa jin motsinsa.

Kada ka kuskura ka ce masa wasa yake yi. Wasa na yara ne. Shi aiki yake yi bisa ma'auni, kuma ma'aunin a rubuce yake a jikin kwali. In ka ga 1/350, an raba jirgin gaske gida 350 ne aka ɗauki ɗaya. Akwai 1/700, wanda sojan da ke tsaye a kansa bai fi ƙwayar gero ba, kuma dole a yi masa fentin hula daban da na riga. Akwai 1/200, na manyan gari, wanda sai an sake tsarin falo kafin ya samu wurin zama.

Ɗauki Bismarck, jirgin Jamusawa da masu wannan harka suka fi ƙauna. Tsawonsa mita 251. An fara ƙera shi a Hamburg a 1936, aka miƙa shi ga sojojin ruwa a 1940. Fitarsa yaƙi sau ɗaya ce tak, a watan Mayun 1941: ya nutsar da Hood na Ingila ran 24 ga wata, Ingilishi suka yi masa taron dangi suka kai shi ƙasan teku ran 27, da mutum sama da 2,000 a ciki. Ko kwana goma bai cika ba a wannan fita. To amma dattijonmu na cikin ɗaki, wanda nasa Bismarck ɗin mita ɗaya ne da 'yan kai, yana iya shekara shida bai gama ɗora igwa ba. Jamus da duk yaƙin da ya taso mata ta gama nata a shekara huɗu. Shi in ka tambaye shi sai ya ce ai su Jamusawa ba sa yin aiki da hantsaki.

'Yan kasuwa kuwa sun daɗe da gano lagon mutanen nan. Akwai mujallun da ake sayarwa mako-mako, kowane fitowa da 'yan gutsattsari biyu ko uku a leda. Fitowar farko araha kamar kyauta. Ta biyu ta ɗan ɗaga. Kafin mutum ya farga ya kai ta hamsin, yana riƙe da rabin jirgi, gaba babu baya babu, ya bari ya yi asara, ya ci gaba ya yi wadda ta fi ta. Wasu sai an haura fitowa ɗari kafin a kai ga tuta. Ni ban taɓa jin adashen da ake zubi kusan shekara uku a kwashi jirgin da ba ya hawa ruwa ba sai wannan.

Sannan ga wata cuta da su kansu suke yi wa juna dariya a kanta. Mutum bai gama na kan tebur ba ya sayo wani. Wannan an yi ragi, wancan an ce za a daina bugawa, ɗayan kuma ai ba kullum ake samu ba. Sito ya cika da kwalaye, saman kabad ya cika, ƙarƙashin gado ya cika. Dattijo ɗan shekara saba'in yana da kwalayen da ko zai yi shekara saba'in nan gaba ba zai haɗa rabinsu ba, kuma gobe in an buɗe kasuwar baje koli da gasa ta garin Telford, wadda ake ci duk watan Nuwamba, shi ne a gaban layi. Sabon kwali ba ya shiga gida ta ƙofar gaba. A bayan mota yake kwana, sai uwargida ta tafi cefane. Babban tsoronsu, kamar yadda suke faɗa a tsakaninsu, kada bayan ransu ta sayar da kayan a farashin da suka gaya mata sun saya.

Suna kuma da dodo. A kafet yake zaune. Ka ɗauko wani ɗan tsinken igwa da bakin hantsaki, ka ɗan matsa, ya yi tsalle, shi ke nan, dodon kafet ya haɗiye. Sai ka ga tsohon darakta, mutumin da a da sai an cike takarda ake ganinsa, ya durƙusa da gwiwa da hannu, tocila a baki, yana laluben ƙasa. Ba zai gani ba. Ranar da ya haƙura ya sassaƙa wani da hannunsa ya manna, a ranar zai taka na asalin da tafin ƙafa.

Amma inda abin ya fi daɗi shi ne wurin gasa. A can akwai wasu malamai da ake yi wa laƙabi da masu ƙirga ƙusa. Ka kawo jirgin da ka yi shekaru kana fama, mai ƙirga ƙusa ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce aiki ya yi kyau, sai dai wannan na'urar hangen ba a ɗora ta a jirgin ba sai a 1944, kai kuwa tutar da ka sa ta 1942 ce. Daga nan sai a shiga babin launi. Duk jirgin yaƙi ruwan toka ne, in ji ni da kai. Su a wurinsu toka suna ta tara. Ma'aikatun ƙera jiragen sojan Japan huɗu, Kure da Sasebo da Maizuru da Yokosuka, kowacce da kalar tokarta, kuma Tamiya tana sayar da kowacce a kwalbarta daban. Shafa tokar Sasebo a jirgin Kure abin kunya ne da ake yi wa mutum gori da shi. Amurkawa kuma sun shafe shekaru suna musu a kan ko jirginsu Arizona shuɗi-shuɗi ne ko baƙi-baƙi a safiyar da aka kai masa hari a Pearl Harbor, 7 ga Disamban 1941. Cikin hujjojin kowane ɓangare har da hotuna marasa kala.

Bayan an gama wannan wahala, jirgi ya fito fes yana ƙyalli, me kake tsammani? Sai mai shi ya ɗauko buroshi ya fara ɓata shi. Ya zana tsatsa tana zubowa daga ramin anka, ya sa baƙin hayaƙi a bakin bututu, ya kankare fenti inda igiyar ruwa ke duka. Har kwalbar tsatsa ake sayarwa, da kuɗi mai kyau. Wai don abin ya yi kama da gaskiya, domin jirgin da ya sha teku ba ya zama sabo.

Amurkawa, da yake ba sa yin abu rabi, sai suka ce me ya sa za a zana ɓarna alhali ana iya yin ta? A jihar Texas, wajen ƙarshen shekarun 1970, aka fara wani salo: a ƙera jirgi a ma'aunin 1/144, a yi masa bango da siririn katako mai laushi, a ɗora masa igwa mai harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ƙarfin iskar gas, a sa masa ɗan famfon kwashe ruwa, a riƙa sarrafa shi da rimot. Ranar Asabar a haɗu a bakin kududdufi, kowa da tabaran kare ido, a raba runduna biyu, a yi ta huda wa juna jiragen har famfo ya gaza. Wanda aka nutsar ya naɗe wando ya shiga ruwa ya lalubo kayansa, ya zazzage, ya liƙe hujojin, ya dawo fagen fama bayan cin abincin rana.

Ban ce duka shirme ba ne, a'a. A gidan tarihin Kure, wanda aka buɗe a 2005, akwai kwaikwayon jirgin yaƙin Japan Yamato mai tsawon mita 26.3, kashi ɗaya cikin goma na jirgin da aka nutsar ran 7 ga Afrilun 1945, kuma mutane daga ko'ina suke zuwa kallonsa. Tun kafin nan, a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, fursunonin Faransa da ke tsare a Ingila sun riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su suna sassaƙa jirage da su suna sayarwa, har yau ana ajiye da su a gidajen tarihi. Su dai an kulle su ne. Jikokin waɗanda suka kulle su ne yanzu suke kulle kansu.

Mun yi dariya, to mu waiwayo gida. Wane yaro ne a ƙasar Hausa bai taɓa yin motar kara ba, ko ta langa-langa da tayar tsohon silifa da fitilar murfin kwalba? Babu kwali, babu takardar bayani, kallo ɗaya yaro zai yi wa tirela ya ƙero ta har da madubi. Ladansa kuwa rankwashi, don ya yanka silifan da ba a gama da shi ba. Yana kai shekara goma sha biyu an ce ya girma, ya bar wasan banza. Shi ke nan an rufe masana'anta.

Yanzu ka ƙaddara wani babban ma'aikaci ya yi ritaya, maimakon ya nemi benci a majalisar ƙofar gida, sai ya sayo kwalin Bismarck ya shige ɗaki. Kwana uku ba za a yi ba Hajiya ta kira wansa.

"Yaya, ka zo ka ga ɗan'uwanka. Tun da ya bar aiki yake shige ɗaki da wasu robobi."

"Subhanallahi! Yana magana shi kaɗai?"

"Jiya dai na ji yana cewa dodo ya cinye masa igwa."

Kafin la'asar an kawo mai ruƙiyya. A majalisa kuwa an samu abin tattaunawa na wata guda: wasu su ce asiri ne daga ofis, wasu su ce dama a danginsu akwai haka. Waɗanda za su yanke wannan hukunci su ne mutanen da suke zaune a benci ɗaya tun hantsi har magariba, sun raba ministoci, sun sauke kocin Arsenal, sun aurar da 'yar maƙwabci sun kuma sake ta, ba wanda ya taɓa zargin lafiyarsu.

Kuma ma wa ya ce ba mu da manya masu wannan sha'awa? Muna da su, sai dai namu sun fi na Turawa wayo, ba da kuɗin fanshonsu suke yi ba. Je ka wurin bikin aza tubalin wani katafaren aiki. Ga rumfa, ga maroƙa, ga akwatin gilashi a kan tebur, a ciki ga sabuwar kasuwa ko rukunin gidaje dubu: titi shimfiɗe, itatuwa kore shar, fitilu a jere, 'yan motoci farare ba ko ƙura. Mai girma ya sunkuya yana nuni da sanda, ɗan kwangila yana gyaɗa kai, a ɗauki hoto. Bayan shekara biyar ka koma filin. Bature yana kwaikwayon jirgin da aka taɓa yi ne ya nutse. Namu gwanayen suna kwaikwayon abin da ba a taɓa yi ba, a ma'aunin ɗaya bisa babu.

Da za a kai irin akwatin nan gasar Telford, masu ƙirga ƙusa ba za su bari ya wuce zagayen farko ba, don bai yi kama da gaskiya ba. Shawarata ga 'yan kwangila su sayi buroshi da kwalbar tsatsa. A rage ginin ya tsaya iya linta. A karya fitilu biyu cikin uku, a zana ciyawa har gindin taga, a dasa allon sanarwa wanda rana ta cinye rubutunsa. A ƙofar shiga a sa ɗan maigadi da hantsaki, yana bin albashin wata tara, sannan a nemo awaki guda huɗu a ma'aunin 1/200 a kwantar da su a ofishin manaja.