Damben da Kwamfuta Ta Yi wa Alƙalanci

Musun da ake yi kan zakarun damben zamani na ajin masu nauyi, wato rukunin manyan ƙarti, ba ya ƙarewa, domin yawanci waɗanda zamani ya raba ake haɗawa. A 1970 aka nuna wani fim da kwamfuta ta yanke hukuncin karawa tsakanin Muhammad Ali da Rocky Marciano, wanda ya bar dambe tun 1956 bayan karawa 49 ba a taɓa cin sa ba, ya kuma rasu kafin fitowar fim ɗin. A Amurka Marciano ya kayar da Ali a turmi na 13, a Turai kuwa Ali aka ba nasara, abin da ke nuna cewa ita ma na'urar ta iya duba fuskar masu sayen tikiti.