Sanƙiran Takkai

A arewa maso gabashin Amurka akwai wata rawa mai suna kontira, wadda ba a yin ta sai da mai kira. Ana jeruwa bibbiyu a dogon layi, makaɗa su saki kiɗa mai bugu 64, mai kira yana faɗin abin da za a yi. Kafin bugun ya cika, kowane biyu sun rabu da abokan rawarsu sun tarar da sababbi, rabi suna gangarawa ƙasan zaure, rabi suna haurawa. Wanda ya kai ƙarshen layi ya huta zagaye guda, sannan ya juyo. Wani lokaci tsallake biyu ake yi. A wani tsari kuma mai sunan garin Becket na jihar Massachusetts, galibi hagu ake zamewa.

Duk a YouTube na sha wannan karatu, ina kwance a ɗakina a Funtuwa, data tana ƙonewa, kaina yana kumbura.

Da kaka ta yi, aka sa bikin ƙanena a Pauwa, samari suka ce za su yi takkai. Wanda ya san takkai ya san yadda take: da'ira, kowa da sandarsa, ka kara da na gabanka, ka juya ka kara da na bayanka. Ni kuwa sai na ga ai nan gyara yake. Yaya za a ce mutum ya raba dare yana karawa da mutum biyu kacal? Maganar haɗa maza da mata kamar yadda ake yi a kontira kam ko da wasa ban tayar ba, ina son kaina. Na dai aro lasifika wurin wani mai tallar maganin basir, na tsaya kusa da makaɗa.

Tsohon makaɗin ya dube ni sama da ƙasa. "Yaro, gangar ba ta isa ba?"

"Baba, ganga ba ta bayani dalla-dalla."

Ka ji fa. Bahaushen makaɗi nake gaya wa ganga ba ta magana. Bai ce uffan ba, ya gyara ratayarsa.

Kiɗa ya ɗauka, sanduna suna ƙas-ƙas gwanin daɗi, sai na kwarma: "Wuce ɗaya!" Kowa ya wuce. Matsalar ita ce kowa ɗin ne. A kontira rabi ne ke tafiya nan, rabi can, shi ya sa ake haɗuwa da sabuwar fuska. Ni ban raba su ba, don haka duk da'irar ta zabura gaba, kowa yana bin ƙeyar wanda yake son ya wuce, kamar awaki sun ga mai dusa.

"Wuce biyu!" Abokan ango na Faskari suka ɗauka taku biyu nake nufi. Wani daga Sabuwa ya ɗauka bugu biyu, ya ƙara wa maƙwabcinsa ɗaya a kafaɗa. Ga shi mai kiran kirki tun kafin gaɓar kiɗa ta zo yake magana, ni sai ta wuce nake tunawa. Da na ce "zame hagu", wani ya tsaya cak ya tambaye ni, "Yaya, hagun wa?"

Na shiga fili in nuna musu da kaina. Takkai kuwa lissafinta bibbiyu ne. Shigata ta bar sanda ɗaya ba abokin karawa, ta samu goshina. Hulata ta yi gabas, lasifika ta yi yamma tana kuka.

Tsohon ya canza kiɗa, bugu uku ko huɗu, da'irar ta koma daidai ba wanda ya buɗe baki.

Kawu ne ya janye ni gefe, yana danna mini tsumma a goshi. "Ɗan boko, zauna nan ka tsare wa mutane takalmansu."

Mai maganin basir ya iso kafin a tashi. Ya karɓi kuɗin gyaran lasifika, sannan ya dubi ƙulun goshina ya ce maganinsa har wannan yana yi.