Kwano Ba Ya Dawowa Wayam

Ina 'yar shekara 13 Iya ta fara sakar mini tukunya. Ta ja kujera ta zauna a bakin madafi kamar alƙali. Na ce, "Iya, gishiri kamar yaya?" Ta ce, "Ɗan daidai." Na ce, "Daddawa fa?" Ta ce, "Hannunki zai gaya miki." Ni kuwa hannuna bai taɓa yi mini magana ba, sai na dumbuza na zuba. Da ta ɗanɗana miyar agushin, ta ajiye ludayi a hankali, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, yau kin ƙarar wa matan Keana da hajarsu." Duk ɗan Nasarawa ya san Keana garin gishiri ne, don haka ban nemi ƙarin bayani ba.

Makarantar girkin gidajenmu ke nan: ba littafi, ba ma'auni, sai hayaƙi da baƙar magana. Kuma kowace uwa tana da sirri ɗaya da take riƙewa. Ki shekara goma tsugune gaban murhu, daidai lokacin da za ta jefa abin nan a miya sai ta aike ki ɗebo ruwa.

Jarrabawar kuwa ba a gida ake yin ta ba, maƙwabta ke duba takardar. Garinmu Lafiya kuwa gari ne na tarin jama'a tun zamanin da ake ce mata Lafiyan Barebari, ga Eggon, ga Alago, ga Gwandara, ga Tibi. Da aka yanke jihar Nasarawa daga Filato a 1996 Lafiya ta zama babban birninta, ma'aikata suka kwaso iyali da tukwanensu daga Jos. Shiga gidan haya ɗaya a Bukan Sidi ko Tudun Gwandara da magariba, hancinka zai zaga ƙabila huɗu kafin ka gama sallama. Tuwon shinkafa ya fita, sakwara ta shigo. Miyar kuka ta tafi, miyar riɗi ta dawo. Ran Sallah da ran Kirsimeti kuwa kwanuka har karo suke yi a zaure.

Sai dai ba wadda za ta dube ki ta ce girkinki bai yi ba. Hukuncin a dunƙule yake zuwa, kuma sai mai kunne. In aka ce, "An gode, yara sun ci," to manya sun gagara. In aka ce, "Kai, an yi ƙoƙari," ki koma gaban uwarki. Mafi haɗari ita ce tambayar nan mai laushi: "Maman yara, yau wa ya yi girkin?" Ba ki san yabo ne ko ta'aziyya ba, sai ki ce 'yar aiki ce, daga baya ki ji ashe maigidansu har santi ya yi, yana ba da labarin gonar kakansa a Doma da ba wanda ya tambaye shi.

Ɗan aike shi ne jami'in leƙen asiri. Yana dawowa ake titsiye shi: ta buɗe a gabanka? Ta yi murmushi ko ta yatsina? Me ke kan wutarsu? Shi kuma bawan Allah ya riga ya karɓi harajinsa a lungu. Tsoka uku kika sa, ɗaya ta isa. Shekara biyu ana ce mini marowaciya a unguwarmu, ashe autana ne kwastan.

Sannan ga dokar da ba a rubuta ba: kwano ba ya dawowa wayam. Na taɓa aika wa maƙwabciyata ɗanwake, don zumunci kawai. Ta maido da sakwara, doyar Agyaragu, da cinyar kaza a kai. Ina zan sa kaina? Na rama da dafa-duka da kifi. Ta ɗora da farfesun kayan ciki. Ran nan maigida ya leƙa tukunyarmu ya ga gaya, ya ce, "Wai wannan gasar da kuɗin cefanen wa ake yin ta?" Shi da yake cika baki ya iya girki tun yana ɗalibi, alhali a kan Indomie da ƙwai ilminsa ya tsaya.

Yanzu kuma 'yata ta jingina waya da tukunya, wata baiwar Allah a YouTube tana ce mata rabin ƙaramin cokali. Ba ta ƙona miya, gaskiya, gishirinta ma ya fi nawa saiti. Amma in ta sauke, waya ce ke fara ci. A ɗauki hoto ta sama, a ɗauka ta gefe, a ɗora a WhatsApp, maƙwabta su ci da ido. Gani kuwa ba ci ba. Ni dai gara habaicin "yara sun ci" da tafin wanda ko ƙamshin bai ji ba.

Af, kafin in manta. Wadda langata mai shuɗin murfi ke hannunta tun Sallar layya, don Allah ta maido. Na yafe dokar, ko wayam ne zan karɓa.