Mazhabar Sabuwa Da Mazhabar Tsohuwa

Duk wanda aka haifa a Bebeji, ko yana so ko ba ya so, akwai wani nauyi da tarihi ya aza masa, domin a wannan gari ne aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, mutumin da ya yi fataucin goro har Gwanja, wanda kuma ake cewa babu attajiri kamarsa a Afirka ta Yamma sa'ad da ya rasu a 1955. Saboda haka da zarar mutum ya ce shi ɗan Bebeji ne, sai jama'a su ɗauka ko cikin barci ba a cutarsa a ciniki. Ni ma haka na ɗauki kaina tsawon shekara 35 da na yi ina karantar da Larabci da fiƙihu, ban kuwa taɓa gamuwa da abin da ya ƙaryata wannan zato ba, saboda dalili guda tak, wato ban taɓa sayen abin da ya fi keke tsada ba.

To, da Allah Ya ƙaddara na ajiye alli, kuɗin sallama suka iso hannuna, na haɗa da kuɗin bijimai biyu da na kiwata, sai zuciya ta raya mini cewa lokaci ya yi da iyalina za su huta da tsayuwar bakin titi da cunkoson motar haya, inda ake zaunar da mutum huɗu a mazaunin uku, a kuma ɗora wa na biyar buhun masara a cinya. Abin da ban lura da shi ba, wannan niyya ta sayen mota ta zo mini ne bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta durƙusa gaban dala. Wato dai na tashi sayen doki a shekarar da ciyawa ta yi wuya. Ga shi kuma ban taɓa riƙe sitiyari ba. Wannan matsala ta biyu ban ɗauke ta bakin komai ba, don a ganina wanda ya haddace Iziyya da Risala, feda uku da sandar giya ɗaya ba za su gagare shi ba.

Ko kafin in gama furta niyyata, gidana ya rabu mazhaba biyu. Shugabar mazhabar sabuwa ita ce uwargida, hujjarta kuwa gajeriya ce mai kaifi. Ta ce, "Malam, araha ba ta ado. Shekara talatin ina bin bayan kekenka da ido, in za a yi, a yi mai leda a kujera, wadda za mu kai yara su ga ruwan Tiga da salla ba tare da an ce su sauka su tura ba." Limamin mazhabar tsohuwa shi ne maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana jan fasinja tsakanin Kano da Jos, ya ga zamanin da masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, take fitar da 504 sabuwa dal, ma'aikacin gwamnati ya karɓi rancen mota ya saya, ya kuma biya daga albashinsa bai sayar da gona ba. Shi nasa ra'ayin, wancan zamani ya tafi da lemarsa, yanzu da tsohuwar zuma ake magani. Ya ƙara da wata magana da ta yi mini zafi, ya ce sabon direba da sabuwar mota kamar ango da amarya ne da dukkansu ba su iya hura wuta ba, sai gidan ya kwana da yunwa ko ya ƙone.

Kamar yadda aka saba a tarihin mazhabobi, ita ma ta tsohuwa ba ta zauna lafiya ba, ta sake darewa gida biyu: akwai masu cewa sai tokumbo, wadda wasu ke kira Baljiyam, wato wadda Turawa suka gama hawa aka yo jigilarta ta teku, akwai kuma masu cewa 'yar gida ta fi, wadda aka hau a nan ƙasar, ta saba da ramukanmu da ƙurarmu, ta san ɗanɗanon man bumburutu na bakin hanya. Na saurari kowa, na yi istihara, amma gaskiyar magana tun kafin in yi alwala zuciyata ta riga ta karkata ga mai leda.

Ranar wata Litinin na sa babbar riga na shiga Kano, na je wani wuri mai bangon gilashi inda ake jera sababbin motoci, sanyi na busawa kamar tsakiyar hunturu. Wani saurayi mai laushin harshe ya zagaya da ni, ya buɗe mini ƙofa na zauna, na shaƙi wannan ƙamshi na sabuwar mota wanda babu turaren da ya kama ƙafarsa, har na fara hango kaina ina shiga Bebeji ta hanyar Kofa, tsofaffin ɗalibaina na ɗaga hannu. Sai na tambayi kuɗi. Da ya faɗa, na ɗauka na motocin ɗakin ne gaba ɗaya, na ce a'a, guda nake so. Ya ce, "Alhaji, ai na gudan ke nan." Na yi lissafi a zuci na tarar da kuɗin sallamata da bijimaina duka ba su wuce tayoyi huɗu da ƙofa biyu ba, watakila da madubi in an yi mini ragi. Ganin yadda na yi zuru, sai ya ce ana iya shirya mini rancen banki in riƙa biya a hankali da ɗan ruwa a kai. Wallahi ban taɓa jin daɗin haramcin riba kamar wannan rana ba! Nan take na gyara zaman hula, na yi masa wa'azi mai ratsa jiki a kan riba da azabarta, na fita da mutuncina cikakke, a matsayin malamin da tsoron Allah ya hana shi saye, ba matsiyacin da aljihu ya tona wa asiri ba.

Haka na koma mazhabar tsohuwa, ba da hujja ba, da larura. Maƙwabcina ya zaunar da ni ya ba ni karatu, na kuwa rubuta a takarda kamar yadda ake rubuta matani: ka je da sassafe ka tayar da ita injin na sanyi, don mai ciwo ba ya ɓoyuwa da asuba, ka dubi hayaƙin salansa, in shuɗi ne tana shan baƙin mai, in fari ne mai kauri da ba ya yankewa ruwa na shiga inda bai kamata ba, ka zaro ma'aunin baƙin mai, in ka ga ya yi kamar shayi da madara, ka yi sallama ka tafi, ka bi jikinta da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa an cike rauni ne aka shafe da fenti, uwa uba ka ga takardun kwastan, ka gwada lambar da ke jikinsu da ta jikin motar, domin tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a Janairun 2017, da yawa daga cikin masu zuwa daga Kwatano ta daji suke biyowa cikin dare. Daga ƙarshe ya ce in tafi da ɗan ƙanwata, wanda bakanike ne. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi kaɗai na ga bai wajaba ba, don ba zai yiwu yaron da na koya wa alifun ba'un ya tsaya yana yi mini fatawa a gaban jama'a ba.

Na isa wurin dillalan da azahar, rana na tsaka, injin kowace mota ya sha ɗumi. Maganaɗisun na manta shi a aljihun wata rigar. Dillalin da ya tare ni, mutum ne mai tabon salla da carbi mai tsawo, ya kai ni gaban wata 'yar gida mai ruwan toka, wadda ba zan ambaci kamfanin da ya ƙera ta ba, domin kamar yadda mai karatu zai gani, ba shi da alhaki ko na ƙwayar zarra. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan wata likita ce ke hawanta, daga gida sai asibiti, ko Wudil ba ta taɓa zuwa ba." Na sa aka buɗe mini gabanta, na tsaya ina kallon injin da irin kallon da jaki ke yi wa allo, na gyaɗa kai, na kuma shuri taya ɗaya da ƙafa saboda na taɓa ganin ana yi. Ana cikin haka sai ga wani ya ɓullo yana haki, ya ce ai shi tun jiya ya taya, ga kuɗinsa a jaka. Ni da na karantar da babin najashi, wato mutum ya ƙara farashin haja ba don ya saya ba sai don ya ruɗi waninsa, na karantar da shi ya fi a ƙirga, har ina sa shi a jarrabawa, sai ga ni ina rantsuwa na riga shi, na ƙara kuɗi a kan kaina, na biya la'ada, na karɓi makulli ina jin na kayar da abokin hamayya.

Zancen koyon tuƙi ba sai na tsawaita ba. Na yi makarantarsa, na sami takardar koyo, na zagaya filin ƙwallon unguwarmu har ciyawar ta mutu. Katangar maƙwabcina ta sha gaisuwa sau ɗaya, wata akuya kuma na biya kuɗinta duk da ta tashi da ƙafafunta. Aka liƙa mini jan harafin L gaba da baya, yaran unguwa suka yanke hukuncin cewa ma'anarsa lahaula.

Babbar jarrabawa ta zo ne da ƙanwar uwargida ta haihu a Riruwai, can ƙasar Doguwa, garin da aka sani da haƙar kuza. Ɗan ƙanwata ya ce zai zauna kusa da ni, kamar yadda ƙa'ida ta tanada ga mai koyo, na ce wurin na uwargida ne. Muka yi lodi: ita a gaba da kwanon cincin, yara huɗu a baya, turmin atamfa, buhun shinkafa, da zakara a but. Na karanta addu'ar hawa abin hawa sau uku, muka hau titin Kano zuwa Zariya, manyan motoci na wuce mu suna danna oda kamar za su tsaga sama, muka karya a Kwanar Ɗangora muka nufi Tudun Wada. Tun daga nan na lura motar na tafiya da nauyi kamar ana riƙe da wutsiyarta, wata jar fitila kuma na ci a gabana, na ɗauke ta a matsayin ado. Uwargida ta ce, "Malam, ƙauri nake ji." Na ce masu gasa masara ne. Muka wuce Tudun Wada, masu masara suka ƙare, ƙauri bai ƙare ba.

A cikin dajin Falgore, inda ko direban da ya ƙoshi da tuƙi ba ya son tsayawa shan iska, a kan wani ɗan hawa, motar ta yanke shawarar ta gama da ni. Ina taka totur injin na kururuwa, amma ko taku ɗaya ba ta ƙarawa, hayaƙi na tashi ta tayoyin baya, yara na salati, zakara na cara a ba lokacinsa ba. Muka fito muka tsaya a bakin hanya, wasu birai a kan dutse suna kallonmu, ɗaya daga cikinsu, wani babba mai furfura, ya tallafe haɓa yana dubana da irin duban da nake yi wa ɗalibin da bai yi muraja'a ba. Uwargida ba ta ce uffan ba, illa ta buɗe kwanon cincin ta raba wa yara, wannan shiru kuwa ya fi mini bulala ciwo. Sai bayan la'asar wani mai motar itace, Allah Ya saka masa da alheri, ya ɗaure mu da igiya ya ja mu zuwa Tudun Wada. Suna dai an yi shi ba mu, sai labarin ragon muka ji.

Da muka koma gida, daren nan ban runtsa ba. Na sauko da Muhtasar na Halilu, na buɗe babin ciniki, na tattara hujjojina a kan zaɓin aibi: wanda ya sayi haja ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, yana da haƙƙin mayar da ita ya karɓi kuɗinsa, matuƙar aibin daɗaɗɗe ne, tun a hannun mai sayarwa yake. Na shirya jawabin da zai sa dillali ya zubar da hawaye. Saura kawai shaidar masani, saboda haka dole na haɗiye girman kai na kira ɗan ƙanwata.

Yaron ya shiga ƙarƙashin motar ya fito, ya leƙa ciki, ya tsaya yana goge hannu da tsumma ya kasa haɗa ido da ni. Can ya ce, "Kawu, wannan sandar ta tsakiya, wa ya ja ta sama?" Na ce ni ne, tun a gida, don kada motar ta gangara lokacin lodi. Ya ce, "To, da za ku tashi, an sauke?" Na yi shiru. Ya ce, "Ƙafarka ta hagu kuma, Kawu, ina take zama in kana tafiya?" Na ce a kan kuloci mana, don in kasance cikin shiri. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ya ce birkin hannu na ja tun daga Bebeji har Falgore, na ƙone birkin baya, na kuma cinye farantin kuloci da tafin ƙafata. Amma injin, in ji shi, lafiyarsa lau, kuma ya rantse bai taɓa ganin mota mai haƙuri irin wannan ba. Ashe dillalin, da najashinsa da likitarsa ta ƙarya, mota mai kyau ya sayar mini, bisa kuskure ko bisa ƙaddara. Aibin sabo ne, a hannun mai saye ya faru, yana ma zaune a kujerar direba da babbar riga. Fiƙihu kuwa bai buɗe ƙofar mayar da irin wannan ba. Na rufe Muhtasar na mai da shi kan kanta.

Kayan gyara muka samo a Ƙofar Ruwa, kuɗinsu bai kai na ɗan maraƙi ba, maƙwabcina kuma bai bar ni na huta ba sai da ya lissafa mini abin da zan biya da a ce mai leda na yi wa wannan aika-aika. Uwargida har yau ba ta bar mazhabarta ba, sai dai ta yi mata ƙaramin gyara: yanzu cewa take motar a bar ta, direban za a sake.

Har yanzu jan harafin yana nan gaba da baya, ɗan ƙanwata kuma shi ke zama kusa da ni, uwargida ta koma baya da kanta. Saboda haka duk wanda ya hango wata mota mai ruwan toka tsakanin Bebeji da Kwanar Ɗangora, tana tafiya kamar mai rakiyar amarya, don Allah kada ya danna mata oda, ya ratse ta dama ko ta hagu, duk inda ya ga ya fi masa aminci, ya wuce abinsa.