Zuwa Ga Kasuwar Laraba: A Yanka Wa Masu Kwamfuta Rumfa

Hajiya Kasuwar Laraba,
Dutsin-Ma.

Ya cinikin makon jiya? Ya haƙuri da ƙura da masu cin bashi? A miƙa mini gaisuwa wurin Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa da dillalan kara, har da yaran da ke tura baro suna kwaɗa wa mutane a ƙwauri sannan su ce hanya.

Ranki ya daɗe, daga Makera nake rubuto miki, kuma koke ne. Na san ba a saba kai miki takarda ba, kaya ake kai miki, shi ya sa ake miki kirari da a kai miki dole. To ni ma dolen ce ta kawo ni.

Duk wanda ya shigo cikinki da buƙata ya san inda zai dosa. Mai neman lauje ya san layin maƙera. Mai neman ɗinki ya san inda kekuna ke kuka. Da zamani ya zo da salula ba ki yi gardama ba, kin ba masu gyaran waya wuri, kin ba masu caji, kin ba masu tura waƙoƙi da wa'azi a memori. Masu POS kuwa sun baza lemominsu ko'ina ba wanda ya ce musu kanzil. Amma mutum ya shigo ya ce yana neman wanda zai gina masa shafin intanet, sai a dube shi sama da ƙasa, a tambaye shi ko na zuba ruwa ne ko na zuba hatsi.

Ga abin da ya sa nake nema. Mu manoman rani ne a gefen madatsar Zobe, muna da 'yar ƙungiya, ni ke riƙe mata littafi. Tumatir muke yi da attaruhu da albasa, wasunmu kuma masunta ne. Kin fi kowa sanin halin kayan gwari: ranar da ya nuna ranar yake neman mai saye, in ya kwana biyu sai dai a shanya. Sai matasan cikinmu suka kawo shawara a buɗe shafi, inda ɗan kasuwar 'Yankaba a Kano ko na Mile 12 a Legas zai duba ya ga abin da ya nuna a wannan makon, kwando nawa ne, wa zai kira. Kada ki ɗauka kishiya za mu yi miki. Kayan dai ta bakinki za su bi, kuma masu lodinki ne za su ci kuɗin lodi.

Wanda aka fara nuna mana mai shagon kwamfuta ne, irin masu hoton takardu da cike wa ɗalibai fom. Kafin in rufe baki ya ce zai iya. Washegari ya buɗe mana shafin Facebook, ya sa hotonsa. Mai gyaran waya shi ma ya ce zai iya, sai dai a kawo masa intanet ɗin ya buɗe ya gani. Daga nan wani ya haɗa mu da wani gwani a can wani babban birni, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba sai hotonsa da kwat. Muka tura kuɗi. Gaskiya ya yi aiki mai ƙyalli. A saman shafin ga wani Bature da hular kaboyi yana murmushi cikin gonar gilashi, riƙe da tumatirin da ba a taɓa ganin irinsa a bakin kogin Karaduwa ba. Hausar ciki kuwa inji ya ba ya fassara masa, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya fito sai ka ga ɗan akwati. In ka buɗe shi da ƙaramar waya daga bakin gona, kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo Baturen bai gama sauka ba, hularsa kawai ta iso.

Bayan shekara shafin ya ɓace. Lambar gwanin ma ta daina shiga.

Sai daga baya wani ɗalibi ya warware mana zancen, kuma ke za ki fi kowa saurin ganewa, domin tsarin rumfa ne. Sunan shafi ba saye ake yi ba, haya ce, duk shekara ake sabuntawa. Inda ake ajiye hotuna da rubutun shi ma wata hayar ce daban. Wanda aka rubuta sunansa a takardar haya, kuma kalmar sirri ke hannunsa, shi ne mai rumfa, ko da kuwa wani ne ya biya. Gwaninmu da sunansa ya yi rajista. Ya kuma kama mana hayar a wurin kamfanin waje da ake biya da dala, ga shi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Ashe akwai sunayen da ke ƙarewa da .ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su a nan gida, da naira ake biya. Wannan bayanin bai ɗauki yaron tsawon shan shayi ɗaya ba. Kuma a Dutsin-Ma yake kwana.

Nan ne abin ke ba ni haushi, Hajiya. Ba rashin masu aikin ake yi ba. Tun 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a garin nan, kuma ana koyar da ilimin kwamfuta a cikinta. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. A Katsina ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Al-Qalam, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. A ƙarshen 2023 ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 sana'o'in fasahar zamani, hukumar NITDA ta Kashifu Inuwa na cikin masu gudanar da shi. Gwamnatin Dikko Raɗɗa ma ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha. Ana ta yaye yara, ana ɗaukar hoto da takardar shaida. To ina suke shiga bayan an ɗauki hoton?

Ina ganin na gano. Suna cikinki duk Laraba, suna sayen garin kwaki da manja kamar kowa, sai dai ba alamar da za ka gane su. Mahauci ko daga nesa ka san shi. Makaniki rigarsa ke yi masa talla. Shi kuwa wannan kayan aikinsa na cikin jakar goyo, kuma ba ya son a san yana ciki, saboda a ƙasar nan saurayi da kwamfutar tafi-da-gidanka, ba ofis ba uban gida, sunansa ɗan yahu har sai ya kawo shaidu. Yana iya kwana yana rubuta manhaja wa wani kamfani a Dubai ko Ingila, gari ya waye maƙwabta su ce wane dai ba shi da aiki sai barcin safe. Su da junansu sun san juna, suna da zaurukansu a WhatsApp, amma ba a sa manomi a ciki. Ranar da ya gama karatu kuma sai bautar ƙasa ta ɗauke shi, daga can Abuja ta riƙe. Kano tana da CITAD, Kaduna tana da CoLab, wuraren da mutum zai shiga ya ce a nuna masa mai iya kaza. Legas kuwa unguwar Yaba ta yi sunan da har Mark Zuckerberg ya taka ƙafa ya je a 2016. Mu nan sai dai a ce ka tambayi ƙanin wane, an ce yana taɓa kwamfuta.

Bari in tsegunta miki wani abu, wataƙila ba ki da labari. Turawa sun kwashi sana'arki sun kai intanet, ba su ko yi miki sallama ba. Akwai wata kasuwa da ake kira Fiverr, tun 2010 take ci, ba ta da ranar tashi. Mai aiki ya baje abin da ya iya, mai nema ya zo ya taya. Kasuwar ce ke riƙe kuɗin har sai an gama aiki, yadda dillalin kirki ke tsayawa tsakanin mai saniya da mai saye. Wanda aka yi wa aiki sai ya ba da shaida da taurari, mai zuwa gobe ya gani. In rigima ta tashi akwai inda ake kai ƙara. Wanne ne a cikin waɗannan ba ki da shi tun zamanin kakanninmu? Bambancin kawai la'adarsu kashi 20 cikin ɗari ce daga kuɗin mai aiki. Da wani dillali zai gwada haka a kara, da kafin la'asar an gurfanar da shi gaban Sarkin Kasuwa. Abin da suka rasa kuma ke kina da shi: a wurinki an san gidan uban kowa. Wanda ya ci kuɗin mutane ya kashe waya, ranar Juma'a za a haɗu da shi a masallaci.

Akwai kuma abin da ɗan gida kaɗai ya sani. Ba sai na tuna miki 2021 ba. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama saboda 'yan bindiga, ke ma abin ya shafe ki, kara ta yi tsit. Kwanaki kaɗan bayan haka, a watan Satumba, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi watanni sai mutum ya hau mota ya yi tafiya kafin ya ce wa ɗan'uwansa ina kwana. Yaron da ya rayu cikin wannan ba zai gina mana shafin da sai da sabis mai ƙarfi yake buɗewa ba. Ya san data tsada gare ta, balle da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ya san dattijon da ke yanke farashin albasa ba ya karanta boko, saƙon murya yake so. Kuma shi ne zai iya duban idona ya ce, Baba, ku fa ba wani babban shafi kuke buƙata ba, shafi ɗaya mara nauyi da lambar waya da farashin mako ya ishe ku, sauran a ƙarasa a WhatsApp. Na nesa ba zai faɗi haka ba, domin a girman aikin yake cin abinci.

Kada ki ce na zo ina wanke masu nema. Mu ma da halinmu. Mutumin da ba zai taɓa ce wa tela ya ɗinka masa babbar riga don zumunci ba, shi ne zai kira ɗan ƙanwarsa ya ce ɗan danna mini abin nan, yaro ya kwashe mako biyu yana dannawa, a sallame shi da Allah ya yi albarka. Albarka abu ce mai kyau, amma mai sayar da data ba ya karɓarta. Tun da ba a ga gumi ba, ba a ga katako ko siminti ba, sai a ɗauka ba a yi aiki ba. Kuma mun ɗauka mutum ɗaya ne ke yin komai, alhali mai tsara fuskar shafi daban, mai rubuta abin da ke motsa shi daga ciki daban, ga mai ɗaukar hoto, ga wanda zai rubuta Hausar da mutum zai karanta bai yi tuntuɓe ba. Su kansu suna neman junansu. Na ga mai zane da ke neman mai manhaja ido rufe, alhali layi biyu ne tsakanin ɗakunansu.

Don haka roƙona ƙarami ne. A yanka musu rumfa, ko guda ɗaya ce, da allo a sama, a kafa mata faifan sola don kada a dogara da wutar da ke zuwa gaisuwa ta koma. Duk Laraba su zauna, kowa da aikin da ya taɓa yi a buɗe a gabansa, yadda mai sayar da tabarma ke shimfiɗa tasa. In mutumin Kurfi ya kawo wakensa, ya biya ya tambayi nawa ake yi wa makarantar Islamiyya shafi. A yi ciniki da shaidu, a rubuta, kuma kada a cika kuɗi sai an damƙa wa mai shafi kalmar sirrinsa, an nuna masa sunansa a takardar haya, an gaya masa watan da za a sabunta. Su zaɓi babba a cikinsu wanda zai tsaya wa baƙo, wanda kuma in ɗalibi ya gama karatu zai tafi, shi zai karɓi ayyukan da ke hannunsa ya miƙa wa na baya. In abin ya kankama sai mu je mu faɗi gaban hakimi Yandaka mu roƙa a naɗa Sarkin Kwamfuta. Rawanin ni zan saya, in tumatir ya yi kuɗi.

Na san za ki ce a yi haƙuri, ana dubawa. Haƙuri kam mun iya shi. An kammala madatsar Zobe a 1983 zamanin Shagari, ba a ƙaddamar da aikin ruwan shan da aka jawo daga cikinta ba sai a Yulin 2021, da Buhari ya zo. Sai dai ita madatsa ba ta zuwa bautar ƙasa. Yaron da ya yi mana bayanin hayar nan yana ajin ƙarshe.

In an tashi yankan wurin, don Allah a nisanta shi da injin niƙa, da mai maganin basir ɗin nan mai lasifika biyu. An ce aikin nasu yana son natsuwa. Batun kuɗin rumfa kuma a ɗaga musu ƙafa zuwa bayan kaka, don yawancinsu har yanzu da albarka ake biyan su.

Wassalam. Naki mai biyan haraji ba da son ransa ba,

Magatakardan wata ƙungiyar manoman rani,
Makera.