Yadda Za Ka Yi Kiwon Kulɓa Ba Tare da Uwargida Ta Yi Yaji Ba

Mai son kiwon kulɓa a Wudil, abin da zai fara yi shi ne ya ajiye sandar da ke hannunsa. Tun muna yara aka tashe mu a kan cewa da zarar an ga wannan aba mai sheƙi ta sulale ta gindin katanga, sai ihu da neman dutse, wai uwar macizai ce, wai cizonta ba ya jin magani. To, a kwantar da hankali. Kulɓa ba ta taɓa haihuwar maciji ba. Danginta sun haura iri 1,500 a duniya, kuma masana ba su sami mai dafi ko guda a cikinsu ba. In ka matse ta za ta kai cizo, amma da ƙyar haƙoranta su huda fata.

Daga nan sai neman izini a cikin gida, kuma wannan yana son dabara. Kada ka kawo zancen uwargida na tuƙa tuwo, muciya a hannu. Bari sai bayan isha, an ci an sha, ka ce: "Maman Abba, kin lura kyankyasai sun yi mana yawa a madafi?" Idan ta amsa, sai ka gaya mata akwai ma'aikaciyar da ke cinye su ba ta karɓar ko sisi. Ita kuwa Hajiya mahaifiyarka, duk bayanin da za ka yi, "Allah ya shirye ka" za ta ce. Addu'a ce mai kyau, ka ce amin.

Hujjarka tana da ƙarfi. Wanda ya sayo rago a Kara ranar Juma'a ya ɗauko wa kansa sayen dusa da harawa, ga kwana da ido ɗaya saboda ɓarayi. Kulɓa ba ta cin dusa, ba ta kuka da dare, ba a kuma taɓa jin wanda ya haura katanga don ya sace ta ba. A nan gida ke nan. A waje kuwa tana da daraja. Akwai wata 'yar'uwarta mai ruwan ɗorawa da baƙaƙen ratsi, mai wuni cikin yashi ta fito da dare, wadda ake samu a ƙasashen bakin Sahara har da Nijar. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Peters, shi ya fara bayyana ta a 1864, yau kuma dillalai na kwasar ta zuwa Turai da Amurka, inda ake biyan kuɗi a saya. Tamu ta cikin gari ita ce mai zane biyar a gadon baya, wadda ba ta fi kamu ɗaya ba, 'ya'yanta kuma na yawo da shuɗiyar jela.

Ni dai kiwon sake na fi so a yi mata, domin shi ya fi dacewa da ita. Nemi lungu ɗaya a tsakar gida inda hantsi ke sauka da wuri, ka tara 'yan duwatsu da fasassun bulo da fasasshen tulu, ka watsa busasshen ganye. Ajiye kasko marar zurfi da ruwa, da tsakuwa a ciki don ta sami abin takawa. Jikinta ba ya yin ɗumi da kansa, dole sai ta sha rana da safe kafin ta iya farauta ko ta narkar da abinci, in zafi ya yi yawa kuma ta shige inuwa. Ba sai ka kamo ta ba, da kanta za ta tare.

Maƙiyanta sanannu ne: mage, kaji, zabi, da yara masu danƙo. Amma babban mai kashe ta fiya-fiya ne. Kyankyason da ka fesa wa magani ba nan take yake mutuwa ba, yakan fito yana tangaɗi, ita kuma tana ganin nama ya kawo kansa sai ta haɗiye shi har da gubar. Da haka ake rasa mai cin ƙwarin, su kuwa ƙwarin bayan 'yan kwanaki sun dawo. In feshin ya zama dole, a yi shi cikin ɗaki a rufe ƙofa, a share gawarwakin a binne, a bar lungunta lafiya.

Sai masu cewa lallai sai sun sa ta a akwati, irin ɗalibin Jami'ar Aliko Dangote da ke ɗakin haya, ko yaron da ya kafe. Ku je wurin kafinta ya haɗa akwatin katako mai tsawon ƙafa uku, da murfin raga mai kamawa sosai, domin kafar da ɗan yatsa zai shiga ta ishe ta fita. A zuba ƙasa gauraye da yashi, zurfin tafin hannu, saboda tana son tono. Yashi dai ba a neman sa a rasa a garin da tifofi ke lodinsa daga bakin kogi kullum. A sa mata maɓoya biyu, ɗaya a gefen rana, ɗaya a gefen inuwa. Ranar kuma ta sauka ta raga kai tsaye, domin gilashi na tare hasken da jikinta ke haɗa bitamin D da shi. Idan babu shi, kalsiyam ba ya shiga ƙashi, sai haɓa ta yi laushi, ƙafafu su karkace. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, akwatin da aka manta a tsakar rana kabari ne, don haka a janye shi kafin rana ta take. Da hunturu za ta rage ci ta yawaita ɓuya. Ba fushi take da kai ba, sanyi ne. A riƙa yayyafa ruwa a kusurwa ɗaya, don in ta zo saɓa tsohuwar fata ta fita sumul. Wadda ta maƙale a yatsu tana ɗaure su har su guntule.

Abincinta mai rai ne: gyare, gara, ƙananan fara, da shinge in ruwan farko ya sauka ya taru a gindin fitila. Kada loma ta fi faɗin kanta, kada kuma a kamo daga gonar da aka yi wa feshi. Soyayyar fara mai yaji taka ce, tuwo ma naka ne. A daka busasshen ɓawon ƙwai ya yi laushi, a riƙa barbaɗa wa ƙwarin. Ƙarama kullum take ci, babba kuwa bayan kwana biyu ko uku.

Kada ka kama ta ta jela. Za ta sakar maka ita tana mutsu-mutsu ta yi gaba, kuma asara ce babba gare ta, domin a nan take ajiye kitse. Wata za ta tsiro, amma ta guringuntsi ce, ba ta kai ta fari kyau ba. Maza biyu ba sa zama akwati ɗaya, faɗa za su yi ta yi. Duk sanda ka taɓa ta ko ka gyara mata wuri, ka wanke hannu da sabulu, domin dangin ƙadangare na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa, kuma akwatin ya yi nesa da madafi da jarirai.

Idan ta yi mako biyu ba ta ci ba, ga shi ba lokacin sanyi ba ne, kuma ka ga jela ta fara ramewa, to zaman akwati bai karɓe ta ba. Mayar da ita daidai inda ka kamo ta, domin can ta san ramukan da za ta tsere wa mage.